Ragar da na ɓata wa abokina

Shekarun baya can, tun gemuna bai yi shawarar fitowa ba, na yi wani abu da hannuna wanda har yau in na tuna kunya ce ke fara kama ni, sai daga baya dariya ta biyo. Shekaranjiya wani daga cikinku ya sa hoton abokina a nan yana tambaya wai da gaske ne na san shi. Na san shi mana. Sanin da na yi masa ya kusa sa mini hawan jini ina saurayi. Tunda maganar ta daɗe da wucewa, kuma shi da kansa ya ce in faɗa in ina so, to ku gyara zama.

Ni ɗan unguwar Komah ne, a garin Sokodé aka haife ni. Mahaifina direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Mahaifiyata kuma saƙar ragaya take yi, irin wadda ake rataye ƙwarya da kwanon abinci a ɗaki. Tun ina ƙarami ni ke riƙe mata bakin igiya, har hannuna ya iya ƙulli kafin kaina ya iya karatu. Da aka ga ƙwallo ya fi littafi cin lokacina, sai mahaifina ya tattara ni ya kai ni Dapaong wurin kawuna mai shago a kasuwa, wai ko nisa da abokan banza zai sa in yi hankali. A lise, wato makarantar sakandare ta can, na gamu da abokina.

Shi ɗan Korbongou ne, ɗan manoma, dogo siriri, magana ba ta dame shi ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, ni kuma da nake ganin kaina ɗan birni ba na barin ko ɗaya ta wuce ban yi dariya ba. Benci ɗaya aka ba mu. Ran Asabar nakan bi shi ƙauyensu mu ci ɗanyar gyaɗa, shi kuma yakan ci abincin rana a gidan kawuna. Ɗan ƙauye nake ce masa, shi yana ce mini Alhaji, saboda ina da takalmi ƙafa biyu.

Ba mu daɗe da shiga ba aka kawo sabon malamin wasanni, Metir muke ce masa. Ya taɓa zama ƙasar waje, ya dawo da buhu biyu na wasu sanduna masu kan roba, a kan kowace an saƙa 'yar raga mai zurfi kamar ludayi. Ya ce sunan wasan lakuros. Da ragar ake cafe ƙwallo, a cikinta ake gudu da shi, da ita ake jefa shi cikin gidan da gola ke tsaro. Ƙwallon bai fi lemo girma ba, amma roba ce mai tauri, in ya same ka a ƙauri sai ka kira sunan kakarka.

Ni dama gola ne tun a Komah, don haka Metir ya kifa mini hular kwano ya tsayar da ni a bakin gida. Ban yi wata biyu ba ya fara nuna ni ga baƙi. Sai kuma ragogin sandunan suka fara tsinkewa, ga shi ba mu san inda ake sayar da su ba. Na sayo igiyar nailan a kasuwa na saƙa ɗaya da ƙullin mahaifiyata. Metir ya gwada, ya ce daga yau duk sandar da ta lalace a kawo mini. Kun ga ke nan ni ne gola, ni ne masaƙi, ni ne kuma mai baki. Kaina ya yi girman da hular kwanon ta fara matse ni.

Abokina kuwa abin dariya ne a farkon nan. Metir jifan sama yake koya mana, a ɗaga sanda bisa kafaɗa a sake ta gaba. Shi hannunsa ya ƙi. Da ya karɓi ƙwallo sai sandar ta sauka gefe, ya wulwula ta daga ƙasa. Dalili kuwa, tun yana ɗan ƙarami in gero ya yi kai aikinsa ke nan, ya hau rumfa a tsakiyar gona da majajjawa yana korar tsuntsaye. Metir yakan busa usur ya ce masa nan ba gona ba ce. Mu kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Abin da ban lura da shi ba, mutumin nan ba ya fushi kuma ba ya gajiya. In an tashi kowa ya watse, shi sai ya tsaya bayan ajinmu yana jifan bango, ya jefa ya cafe, har fentin wurin ya goge. Ya danne hannun majajjawa ya koyi na Metir. Kafin shekara ta zagayo babu mai jifa kamarsa a cikinmu. Metir ya fara kiran sunansa kafin nawa. 'Yan matan da ke sayar da ruwan sanyi a bakin fili suka san sunansa, ni kuma suna ce mini mai hula. Ku kuna ganin ƙaramin abu ne. Ni kuwa kwano ɗaya muke ci da shi, amma in ya ci ƙwallo aka yi tafi sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

A shekararmu ta uku Metir ya tara mu ya ce wani abokinsa mai horar da 'yan wasa zai zo daga Amurka. Za a haɗa yaran garuruwa uku a Sokodé a yi wasa ya gani. Akwai wata makaranta a can da ta ba da gurbi: yaro ya je ya ƙarasa sakandare, in ya yi ƙoƙari jami'a ta ɗauke shi ya yi karatu yana buga mata wasa. Gurbi ɗaya tak. Da aka watse Metir ya riƙe mu mu biyu, ya ce ba zai ɓoye mana ba, baƙon ko gola zai ɗauka ko mai jifa, wanda ya fi burge shi. Ya ce mu yi wa juna addu'a. Na ce amin da baki. A zuciyata kuwa cewa nake, a garinmu, a gaban 'yan unguwarmu, ɗan Korbongou zai zo ya hau jirgina?

Da muka sauka Sokodé na kai shi gidanmu, don ba yadda za a yi in bar abokina ya kwana a aji tare da sauran yara. Nan ma ban huta ba. Kafin in gama gaida maƙwabta ya cika wa mahaifiyata randuna, ya faskara itacen da ya yi wata uku yana jiran in dawo. Ta zuba masa tuwo, ta tsame masa naman da ya fi girma, tana cewa yau ta yi ɗa. Ni da aka haifa a gidan ina zaune ina kallo.

Ana gobe wasa, bayan la'asar, ya kawo mini sandarsa, igiya ɗaya ta fara cinyewa. Ya ce, "Alhaji, ka duba mini shi. Hannunka kaɗai na yarda da shi." Ya ajiye, ya ɗauki niƙan mahaifiyata ya fita.

Bari in ɗan yi muku bayani don ku gane girman abin da na yi. A saman ragar nan akwai igiyoyi biyu ko uku da aka gitta, su ke sallamar ƙwallo in an yi jifa. In an ɗaure su daidai, ƙwallo ya fita sumul ya tafi inda aka nufa. In kuwa aka tamke ta ƙasan fiye da kima, sai ta riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido, ya fita a makare, maimakon ya tashi sai ya nufi ƙasa. Mai kallo ba zai ga komai ba, sai dai ya ce mai jifan ne bai iya ba.

Na zauna ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu na warware ragar. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ranar nan ko taimakonsa ban nema ba. Na tamke igiyar ƙasa, na yi wani ƙulli mai ninki biyu ta baya, na cusa shi ƙarƙashin saƙar yadda ido ba zai kai ba. Ina cikin yi mahaifiyata ta zo wucewa da faranti. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana duban yatsuna.

"Wannan ƙullin ba ni na koya maka ba," in ji ta.

Na ce mata na Turawa ne, wasan nasu haka yake so. Ta ƙara dubana, ta ce to, ta wuce madafa. Da abokina ya dawo na miƙa masa, ya yi godiya, ya jingine sandar a bango bai ko gwada ba.

Washegari rana ta fito da ƙarfinta. Rani ne, filin ya bushe ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. 'Yan Komah sun cika gefe ɗaya don sun ji ɗansu zai tafi Amurka, ni na baza labarin da bakina. Aka raba mu biyu, ina tsaron gida ɗaya, abokina yana cikin masu kawo mini hari. Wajen motsa jiki ya yi jifan farko, ƙwallo ya dunguri ƙasa taku uku a gabansa. Ya sake, haka. Ya juya sandar ya duba, sannan ya ɗago ya dube ni daga can nesa. Ni kuma a daidai lokacin safar hannuna ta buƙaci gyara.

Farkon wasan nawa ne. Abokina in ya yi jifa sai ƙwallon ya gangaro gabana kamar an aiko shi gaisuwa. Na tare na wasu yaran guda huɗu masu kyau, 'yan unguwa suna kiran sunana, baƙon yana rubutu a ɗan littafinsa yana kallon wajena. Wallahi daɗi nake ji. Na ga abokina yana share zufa yana duban ƙasa, ban ji tausayinsa ko kaɗan ba, har na fara tunanin irin rigar sanyin da za ta dace da ni.

Can sai ya karɓi ƙwallo ta hagu. Maimakon ya ɗaga sanda bisa kafaɗa, sai na ga ya sauke ta har gwiwa ya wulwula daga ƙasa, irin jifan nan da Metir ya yi shekara biyu yana hana shi. Ƙwallon ya daki ƙasa taku ɗaya a gabana, ya tashi ya wuce ta gefen kunnena. Ban gan shi ba, iskarsa kawai na ji. Ashe riƙon nan da na sa wa ragar, wanda ke ɓata jifan sama, shi ne ainihin abin da majajjawa ke so: ta riƙe dutse har hannu ya gama zagayowa, sannan ta saki. Na saƙa wa ɗan gona majajjawa da hannuna, na kuma je na tsaya a gabansa.

Sau biyar ya yi mini haka. In na durƙusa ƙwallon ya tashi sama, in na miƙe ya bi ta tsakanin ƙafafuna. A na huɗu 'yan Komah, mutanen da muka yi wasan ƙasa tare, suka koma tambayar sunan dogon yaron nan. Da aka tashi baƙon ya nufi abokina, ya karɓi sandar ya auna ko ragar ta saɓa doka, ya ga ba ta saɓa ba. Ya tambaya wa ya saƙa. Abokina ya nuna ni. Mutumin ya tako har inda nake ya kama hannuna, Metir yana fassara mini wai aikina ya yi kyau ƙwarai. Ban taɓa shan yabo mai ɗaci irin na ranar ba. Bayan wata huɗu muka raka abokina tasha.

Daga nan na buɗe sabon aiki wanda ba wanda ya sa ni, wato bin diddigin rayuwarsa. Ya gama sakandaren can, jami'a ta ɗauke shi, ya zaɓi karatun noma. Shekarar farko a benci ya yi ta. Yakan kira ni ya ce sanyi ya hana shi jin yatsunsa, abincinsu ba yaji, yaran da yake wasa da su tun suna rarrafe aka ba su sanda. Sai in ce sannu, Allah ya kawo sauƙi, in kashe waya in ji iska tana shiga ta. A shekara ta biyu aka fara sa shi. Bidiyo ya fara zuwa: fili kore shar, dogon nan ya sauke sanda har gwiwa, gola ya durƙusa ƙwallo ya bi ta kansa. Nakan kalla sau goma in ce wa mutane ban samu lokacin kallo ba.

Ni kuwa na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, na sake, na samu da kyar, na dawo Sokodé na kama aikin tsara lodin motoci a tasha. Sandata tana bayan ƙofa, gizo-gizo ya ƙara mata saƙa. Sunana ya ɓace a Komah, na koma abokin yaron nan na Amurka. Ranar da manyana suka je nema mini aure, bayan an gama magana baffan yarinyar ya tambaya ko abokin nawa zai samu zuwa biki.

Ga wanda ya fi muni, tunda na ce zan faɗa. A shekararsa ta uku jijiyar gwiwarsa ta tsinke a fili, aka yi masa aiki, aka ce ba tabbas zai koma wasa. Mahaifiyata ta ajiye saƙarta ta yi ta hawaye. Ni na yi salati da ƙarfi kowa ya ji, na shiga ciki na ci tuwo malmala biyu, rabon da abinci ya yi mini daɗi haka har na manta. Sai da na wanke hannu na ji tsoron kaina. Amma tsoron bai hana ni jin haushi ba da ya warke ya dawo, a shekarar ƙarshe ma suka ba shi kyaftin. Hotonsa na gama jami'a, da doguwar riga da hular nan mai faɗi, mahaifiyata ta rataye shi kusa da na mahaifina. Takardar bak ɗina tana cikin akwati ƙarƙashin zannuwa.

A can in ɗalibai sun gama, ƙungiyoyin ƙwararru sukan zauna su zaɓi waɗanda suke so ɗaya bayan ɗaya. Aka kira sunansa. Ya yi ta yi mini bayani cewa ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, wasan 'yan watanni ne a shekara, sauran lokacin aiki yake a wani kamfanin iri. Ban saurara ba, mai hassada ba ya son bayani. Kakar wasansa ta farko ta yi kyau. A ta biyu bidiyon ya ragu, in ma ya zo sai in ga jifansa yana bi ta saman gida. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Shekara bakwai da tafiyarsa ya zo hutu. Ya fara zuwa Korbongou wurin iyayensa, sannan ya sauko Sokodé. Kafaɗunsa sun cika ƙofar zaurenmu, amma Hausar tana nan yadda ya tafi da ita. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida mahaifiyata, wadda a lokacin idonta ya yi rauni, sai da ta shafa fuskarsa. Bayan an ci abinci ya ja ni ƙarƙashin mangwaro ya zuge jaka. Kawunan sanda ne guda shida, sababbi, ba raga ko ɗaya, da damin igiya.

Ya ce ragar nan tawa ita ya yi ta lallaɓawa duk shekarun nan, in igiya ta cinye ya zare ta ya sa sabuwa, bai taɓa warware ta duka ba. Bara ana wasa cikin ruwan sama ta yage gaba ɗaya. Masu saƙar can sun gwada, ba wanda ya dace, tun daga nan hannunsa ya rikice. Mai horar da su ya gaya masa in aka dawo atisaye bai gyaru ba, za a ba wani gurbinsa.

"Irin na ranan nan nake so, Alhaji. Kai kaɗai ka san shi."

Jama'a, kun ga yadda Allah ke lamarinsa. Gurbin mutumin nan ya sake dawowa hannuna, a ƙarƙashin bishiyar nan dai. Ƙullin ban manta shi ba, ko daga barci aka tashe ni zan yi shi. Amma wannan karon ba sai na ɓata komai ba. In na yi masa saƙa mai kyau, ta gaskiya, shi ke nan na gama da shi, kuma ba mai cewa na yi laifi. Zai yi godiya ya koma, a sallame shi, ya dawo mu zama ɗaya. Ina da mata, ina da 'ya, ina salla a sahun gaba, amma wannan tunanin na zauna na yi.

Na saƙa masa raga wadda ban taɓa yin mai kyanta ba. Ya ɗaura kan a sanda, ya fuskanci bangon zaure, ya sauke hannu ya jefa. Ƙwallon ya fita sumul ya daki bango can sama kusa da kwanon rufi. Ya sake sau uku.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma ba shi ba ne."

Na ce masa shekaru sun ja, hannu yana mantuwa. Bai yi musu ba. Ya ce ba komai, ya gode, ya durƙusa ya fara mayar da kawunan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyata tana kan tabarma a bakin ɗakinta, duk mun ɗauka gyangyaɗi take. Sai ta miƙo hannu ta ce a ba ta sandar. Ta bi saƙar da yatsu daga sama har ƙasa, ta juya bayanta ta laluba.

"Wannan ƙullina ne," ta ce. "Ba shi ya ce ka yi masa ba."

Ta ajiye sandar a gefenta. Shekara bakwai matar nan tana riƙe da abin a cikinta tana zuba mini tuwo. Na dubi abokina, yana durƙushe da kan sanda na ƙarshe a hannu, bai ɗago ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya masa duka: igiyar da na tamke, ƙullin da na ɓoye, abin da na so ya same shi a gaban baƙon, da wanda na so ya same shi yau. Har tuwo malmala biyu sai da na faɗa, don in an fara amai ba a zaɓen abin da zai fito.

Ya saka kan sandar a cikin jaka. Sannan ya ce ya sani tun jifan farko na ranar wasan nan. Shekara biyu ina saƙa masa, ya san hannuna, kuma da ya dube ni na ƙi dubansa. Na tambaye shi me ya hana shi gaya wa Metir. Ya ce a gidanmu ya kwana, tuwon mahaifiyata, da yake kira Mma, shi ne a cikinsa, da wane baki zai tona ɗanta a gaban unguwa. Ba shi da wata sanda, ba lokaci, sai ya ce bari ya yi abin da ya iya tun yana yaro.

"Amma na ji zafi, Alhaji. Kar ka ce ban ji ba. Shekara biyu a can, duk golan da ya tsaya gabana kai nake gani. Shi ya sa ba na kuskure."

Na ce to don me da ya zo bai faɗa ba, ya bar ni ina ta wahalar saƙa. Ya ce ƙullin a hannuna yake, maganar ma a bakina take, ba zai ƙwaci ko ɗaya ba. Da na bari ya rufe jakar da ya tafi, kuma ba abin da zai sake kawo shi gidan nan sai gaida Mma. Wannan ta shige ni fiye da zagi. Sai ya zazzage jakar a gabana, kawunan suka zube a ƙasa.

"Zauna ka ɓata mini su," ya ce. "Duka shida. Yadda ka ɓata na farko."

Na zauna na ɓata su. Kwana biyu ina yi yana gwadawa, ƙwallo yana dukan ƙasa yana tashi, har ya fasa wa mahaifiyata randa ɗaya, ta ce ba komai ai ɗanta ne. Da ni ne da na ji a jikina. Ya koma ya riƙe gurbinsa, ya ƙara shekara uku kafin gwiwar ta ce ya isa. Yanzu horarwa yake, kuma duk shekara yana aiko da sanduna Dapaong, kawunan su biyo ta wurina in saƙa. Na yara daidai nake yi musu, da ƙullin mahaifiyata. Nasa kaɗai nake ɓatawa.

Tun muna yara muke jin hassada ga mai rabo taki ce, kullum kuma ina ɗauka ni ne mai rabon, wasu ne masu hassadar. Ban taɓa zaton ni zan ɗauki takin a ka in kai har gona ba. Wani lokaci nakan tambayi kaina, da na saƙa masa daidai ranar nan fa? Jifansa na sama na san shi, na sha tare shi a Dapaong. Wataƙila da ni ne a hoton da ke bango. Wataƙila kuma shi ɗin dai za a ɗauka. Ba zan taɓa sani ba, kuma ba wanda ya hana ni sani sai ni.

In na ce muku ƙyashin ya mutu na yi ƙarya. Ya dai tsufa, haƙoransa sun zube. In ya aiko hoton gidansa nakan ji ɗan motsi a ƙirji, sai in ce masha Allah da ƙarfi, in kira shi in gaya masa na ji, ya yi dariya ya ce in sha ruwa. Abin da na koya ke nan, in abin ya motsa in faɗe shi da baki kafin ya sauko hannu. Mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, hoton yana nan inda ta rataye shi, ban taɓa shi ba. Jiya ma da yamma na sake kallon tsohon bidiyonsa ina zaune a tsakar gida. Ya karɓi ƙwallo ta hagu, ya sauke sanda har gwiwa, sai na ji 'yata ta ce, "Baba, me ya sa ka sunkuya?"